Digirin Kiwo Da Hannun Da Bai Taɓa Dabba Ba

Laccar da aka gabatar a Kakuri, Kaduna, gaban ɗalibai, iyaye, malamai da masu kiwo



Kakuri unguwa ce da aka gina a kan koyon aiki da hannu. A 1957 masaƙar KTL ta fara aiki a nan, zamanin Sardauna Ahmadu Bello, da haɗin gwiwar wani kamfanin Ingila. Nortex da UNTL da Arewa Textiles suka biyo baya, sannan a 1975 kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci. Yaro yakan shigo masaƙa bai san kan inji ba, a tsayar da shi gefen wanda ya riga shi, ya daɗe yana ƙulla zaren da ya tsinke kafin a sakar masa inji shi kaɗai. KTL ta rufe a 2002, sauran masaƙun suka bi ta ɗaya bayan ɗaya. An yi ta kukan albashi da kuɗin sallama, kuma kukan yana kan hanya. Amma tare da su an rasa wurin da matashi zai koyi aiki a hannun gwani.

'Ya'ya da jikokin waɗancan ma'aikata yanzu suna jami'o'i da kwalejoji, wasunsu suna karanta kimiyyar dabbobi. A kansu maganar yau take, musamman a kan watannin da ake tura su sanin makamar aiki, da shekarun farko bayan sun kammala.

Da yawa daga cikin iyaye sun ɗauka ɗansu likitan dabbobi zai zama. Hanyoyin biyu ne. Likitan dabbobi yana shekara shida a jami'a, aikinsa gano cuta, magani da tiyata. Masanin kimiyyar dabbobi kuwa aikinsa dabbar da ke da lafiya: me za ta ci, wane iri za a haɗa da wane, ina za ta kwana, nawa aka kashe mata, nawa za ta mayar a nama ko nono ko ƙwai. Tun 2007 doka ta kafa hukumar NIAS domin yi wa masu wannan sana'a rajista da sa ido a kan aikinsu. A Jami'ar Ahmadu Bello da takwarorinta karatun noma shekara biyar ne, kuma shekara ta huɗu an ware ta don aiki a gona. Ɗalibin kwalejin kimiyya da fasaha yana da watanni huɗu bayan shekarar farko, da shekara guda cur bayan ƙaramar difloma. Asusun horar da ma'aikata na ITF, wanda aka kafa a 1971, shi ya ɓullo da shirin SIWES na sanin makamar aiki a 1973, saboda masu masana'antu sun yi ta ƙorafin cewa masu digiri suna zuwa musu da takarda ba su iya aiki ba.

A takarda, tsarin ba shi da laifi. A aikace ne ake samun matsala.

Ɗalibi yakan karɓi wasiƙa daga makaranta, a ce ya je ya nemo wa kansa wuri. Wanda ke da kawu a ma'aikata sai a kai shi ofis, ya zauna kusa da fanka, ya sa hannu a rajista da safe, kafin azahar ya kama gabansa. Ƙarshen wata shida ya cika littafin rahotonsa da abin da ya kwafo daga intanet, wani jami'i ya buga masa hatimi. Malamin da ya kamata ya zo duba shi wataƙila ya leƙo sau ɗaya, domin ɗalibai sun yi yawa, kuɗin tafiya kuma bai fito ba. Alawus ɗin da aka daɗe ana biyan ɗalibi a shirin naira 2,500 ne a wata, wanda a yau bai kai kuɗin kiret ɗin ƙwai guda ba, kuma sau da yawa sai an gama horon da daɗewa yake fitowa. Ta nan ake samun mai digirin kiwo da zai zana maka cikin saniya a allo, ɗaki huɗu cif, amma bai taɓa kama ƙafar rago ba. Laifin ba na yaron kaɗai ba ne. Iyaye da yawa su ne ke cewa ɗansu bai shiga jami'a don ya kwashe kashin kaji ba.

To, ga abin da ake koya a wurin kashin kajin. A ɗauki daren farko da aka kawo 'yan tsaki daga wurin ƙyanƙyasa, cikin hunturun Kaduna. Littafi ya ce ɗakin raino ya kasance da zafin digiri 32 zuwa 35 a makon farko. Tsohon ma'aikacin gona ba ya ko duban ma'aunin zafi. Zai tsaya a bakin ƙofa ya ce, “Malam, dubi yadda suka kwanta.” In tsakin sun cure a gindin tukunyar gawayi suna kuka, sanyi suke ji, kuma kafin asuba na ƙasa za su mutu saboda danniya. In sun gudu jikin bango suna haki, zafi ya yi yawa. In sun taru a kusurwa guda, iska ce ke shigowa ta wata kafa. In sun bazu ko'ina suna tsattsagar abinci, sai a je a ɗan runtsa. Ɗalibin da ya kwana a wannan ɗaki yana ƙara gawayi da ƙarfe uku na dare, ya taɓa maƙoƙon tsako da safe don ya ji ko ya ci ya sha, ya samu abin da zai ci abinci da shi har tsufansa. A nan zai koyi narka rigakafin Gumboro da Lasota a ruwa mai sanyi, ya fahimci dalilin da ya sa ake janye wa kaji ruwa na ɗan lokaci kafin a ba su. A nan zai gane cewa abinci ke cinye kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na kuɗin kiwon kaji, saboda haka duk ƙwayar da ta zube ƙasa daga mazubi riba ce ta zube.

Haka zangon shanu na Tudun Wada yake. Dillali zai ɗaga leɓen sa ya faɗi shekarunsa daga haƙora, ya shafa gadon baya da gindin wutsiya ya faɗi naman da mahauci zai samu, da wuya ya kuskure da yawa. Ɗalibi yana da ma'auni da lissafi, dillali yana da ido. Wanda ya haɗa biyun shi masu gona ke nema. Sai dai shiga zango yana da ladabi. Yaron da ya zo da farar riga yana gyara wa dattijo magana zai koma hannu rabbana. Wanda ya durƙusa ya gaida Sarkin Zango, ya ce, “Baba, koyo na zo,” za a nuna masa bambancin Bunaji da Rahaji da Bokoloji tun kafin rana ta take.

Abin takaicin shi ne, jihohi kaɗan ne suka kai Kaduna wuraren koyon wannan aiki. A Shika, kusa da Zariya, akwai cibiyar binciken kiwo ta NAPRI, wadda ta faro a matsayin gonar dabbobi a 1928 ta zama cibiyar ƙasa a 1976. A can aka samar da kazar ƙwai ta ShikaBrown, mai jure zafin ƙasar nan. A hanyar Mando akwai kwalejin noma da kimiyyar dabbobi ta Jami'ar Ahmadu Bello. A cikin gari akwai cibiyar binciken cutar sammore da ƙudan tsando, wadda tushenta ya koma 1947. A Ladduga, cikin makiyayar Kachia, akwai rugagen da suka zauna wuri guda shekara da shekaru, kuma a yankin ne masu bincike na cibiyar ILCA suka gwada killace filayen ciyawa domin rani a shekarun 1980. Ga ƙungiyar MILCOPAL mai tattara madara daga hannun makiyaya, wadda aka tsara bisa salon ƙungiyoyin madara na Indiya.

Sai manyan kamfanoni. A watan Satumba na 2017 Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe masana'antar abincin kaji da wurin ƙyanƙyasa na kamfanin Olam a ƙaramar hukumar Chikun, kan hanyar Abuja, tafiyar da ba ta da nisa daga wannan zaure. An gina wurin don ya iya fitar da tsaki miliyan 1.6 a mako, kuma a lokacin kamfanin ya sanar da horon shekara biyu ga matasa 100 masu digiri a fannin lafiyar dabbobi, kiwon kifi da noma. A 2023 kamfanin Arla na ƙasar Denmark ya buɗe gonar madara a Damau, ƙaramar hukumar Kubau, da shanu sama da 200 da aka kawo daga can. Yaron da ya ga yadda ake tatsar waɗannan da inji, sannan ya je ruga ya ga Bunajin da ake samun lita ɗaya ko biyu daga gare ta a rana, zai dawo da tambayoyin da suka fi ƙarfin jarrabawa: nawa ne na iri, nawa ne na abinci, nawa ne na ruwa da inuwa? Amma gurbi ɗari bai isa ko da ɗaliban jami'a guda ba na 'yan shekaru. Mafi yawan guraben suna hannun matsakaitan gonaki masu kaji dubu biyu zuwa dubu goma, kuma su ne suka fi ƙin karɓar ɗalibai.

Suna da hujjarsu, ya kamata a saurara. A watan Fabrairun 2006 aka tabbatar da ɓullar murar tsuntsaye nau'in H5N1 a wata babbar gonar kaji a Jaji, karo na farko a nahiyar Afirka, dubban kaji suka mutu, aka kashe wasu dubbai. Tun daga lokacin mai gona yake tsoron baƙuwar ƙafa, domin cuta a tafin takalmi take shigowa. Maganin wannan shi ne makaranta ta koya wa ɗalibi dokokin tsare gona tun kafin ya fita: tsoma ƙafa a ruwan magani, sauya kaya, fara aiki daga ɗakin ƙananan kaji zuwa na manya, da haƙura da leƙa gonar aboki a ranar hutu. Akwai kuma matsalar tsaro, wadda ta sa gonaki da dama a bayan gari suka rage aiki ko suka rufe. Babu uban da za a zarga don ya hana 'yarsa kwana a gonar da ke cikin daji. Wannan ma dalili ne na a waiwayi gonakin cikin gari da gefensa, da injinan haɗa abinci, da mayanka, inda ɗalibai mata za su yi wuni su kwana gida.

Bayan digiri sai bautar ƙasa, inda aka saba tura masanin kiwo makarantar sakandare ya koyar da duk darasin da babu malami. Koyarwa aiki ne mai daraja, amma shekara ce guda da hannu ke yin sanyi. Aikin farko da ke jiransa bayan nan ba na ofis ba ne. Ko dai mai kula da gona, yana kwana a ɗaki ɗaya kusa da kaji, ba Asabar ba Lahadi, domin kaza ba ta san ranar hutu ba. Ko mai duba ingancin masara da waken suya a injin abinci, yana tauna ƙwaya don ya ji ko ta bushe, yana shinshina buhu don gano ruma. Ko wakilin kamfanin abinci da magani, yana yawo a babur gona-gona. Albashin farko ba ya faranta rai, gaskiya ce. Sai dai mai gona ba ya sakin wanda ya rage masa mutuwar tsaki kuma ya ƙara masa kiret ɗin ƙwai, kuma labarin irin wannan yaro yana zagaya masu kiwo da sauri.

Akwai kuma kasuwar da ke ƙofar gida. A Kakuri, Makera, Nasarawa da Barnawa, gidaje nawa ne ake turke rago don Babbar Sallah, ko ake ajiye kaji hamsin a bayan ɗaki domin Kirsimeti? Yawancin masu wannan kiwo mata ne da 'yan fansho, cikinsu har da tsofaffin ma'aikatan masaƙa. Suna sayen dusa da harawa da kowa da tsada, suna bayarwa da ka, ba su san ko ragon yana ƙaruwa ko kuɗin ne ke narkewa ba. Matashin da ya iya haɗa dusar masara da ƙulin angurya da gishiri daidai gwargwado, ya auna ƙirjin rago da igiyar awo duk mako biyu, ya rubuta abin da aka kashe, yana da abin sayarwa ko bai mallaki akuya ɗaya ba. Amma ba zai iya ba sai in ya taɓa yi a gaban wanda ya iya.

A watan Yulin 2024 gwamnatin tarayya ta kafa ma'aikatar bunƙasa kiwo mai zaman kanta, ministanta na farko kuma, Alhaji Idi Mukhtar Maiha, mai gonar dabbobi ne a nan Kaduna. Duk shirin da ma'aikatar za ta kawo, na madara ne ko na makiyaya ko na abincin dabbobi, mutane ne za su tsaya a kansa da asuba, kuma waɗannan mutanen yanzu suna aji huɗu.

Saboda haka makarantu su daina sallamar ɗalibi da wasiƙa kawai; su ƙulla yarjejeniya da gonaki, su gwada shi a gaban dabba kafin su ba shi maki. Hukumar ITF ta duba alawus ɗin nan, ta kuma biya shi lokacin da ɗalibi yake bakin aiki. Ƙungiyar masu kiwon kaji ta jihar Kaduna ta fitar da jerin gonakin da za su karɓi ɗalibi ɗaya ko biyu a shekara, da abinci da kuɗin mota. Iyayen da ke wannan zaure kuma, in yaro ya kawo wasiƙarsa bana, a taimaka a nema masa gona, kada a kai shi ofis.

Allah Ya sa a dace.