GIDAN HAYA IDAN BABU KOWA A CIKI: WA ZAI BIYA WUTA, SHARA DA HARAJI?

Jawabin Sakataren Ƙungiya a taron wata-wata na masu gidaje, Agege, Jihar Legas

 

Kwamiti ya ɗora mana nauyin yin bayani a kan wata matsala da ke yawan zuwa ofishinmu, wato bashin da ke taruwa a kan gidan haya bayan ɗan haya ya tashi. Da yawa daga cikinmu mun ɗauka cewa idan an kulle ƙofa an sa kwaɗo, to, lissafi ya tsaya. Ba ya tsayawa, jama'a. Kamfanin wuta bai san ɗan hayarka ya tashi ba, masu kwasar shara ba su sani ba, ofishin haraji ma haka. Sunanka ne a littafinsu, kuma za su ci gaba da rubutawa har ranar da ka sanar da su a rubuce.

Wani dattijonmu, ba sai mun faɗi suna ba, 'yan hayarsa sun tashi gab da damina. Ya kulle gida ya tafi Arewa noma, daga nan rashin lafiya ta riƙe shi har bayan babbar Sallah. Gidan ba shi da mita. Da ya dawo sai ya tarar an cusa takardun bil ta ƙarƙashin ƙofa, wata bayan wata, na wutar da ko ƙwai ɗaya ba a kunna ba. Ya ce ai ya gaya wa yaron da ke raba bil. Muka raka shi ofis, aka ce ina takarda? Babu. Yaron ma an canja masa unguwa. Sai da muka yi zarya ta watanni kafin a rage wani abu, sabon ɗan hayar da ya samu kuwa ya fasa, don ba wanda zai kama gida da bashi a kansa.

Bari mu fara da wutar, don ita ta fi cinye mu. Har yanzu muna cewa NEPA, amma NEPA ta zama PHCN a 2005, kuma a watan Nuwamba na 2013 aka fara miƙa rarraba wuta ga kamfanoni goma sha ɗaya. Hukumar da ke sa musu ido, NERC, ta soke kuɗin nan na dole da ake biya kowane wata ko an sha wuta ko ba a sha ba, tun a watan Fabrairu na 2016. Saboda haka gida mai mita mai kati, idan ba a kunna komai ba, ba abin da zai ci. Inda gizo ke saƙa shi ne gidan da ba mita, wanda ake yi wa bil na ƙiyasi. A 2020 hukumar ta sa iyaka a kan abin da za a iya ƙiyasta wa mutum, amma iyaka ba yafewa ba ce. Za a ci gaba da ƙiyasta maka har sai ka nemi a yanke layin.

Ranar da ɗan haya zai miƙa makulli, kada a yi sallama a bakin ƙofa kawai. A shiga tare, a karanta mita, a ɗauki hotonta da waya, a nemi bil na ƙarshe da rasiɗinsa. Mai mitar kati ma kada ya saki jiki. Akan ɗora tsohon bashi a kan lambar mita, duk lokacin da aka sayi kati a zare wani abu, don haka a je ofis a tambayi abin da ke kan lambar. A kuma kira mai gyaran wuta ya duba ko an yi haɗin sata a bayan mita, domin idan aka kama daga baya, wanda sunansa ke kan asusun shi za a ci tara, ɗan haya ya daɗe da yin gaba. Bayan haka a rubuta wa kamfani wasiƙa cewa gida lamba kaza babu kowa daga rana kaza, ana neman a dakatar da bil. A yi kwafi biyu, a buga maka hatimi da kwanan wata a kan naka. Wannan kwafin mai hatimi shi ne lauyanka. Idan bil ya ci gaba da zuwa, a fara da sashen ƙorafi na kamfanin, idan ba a samu biyan buƙata ba a wuce gaba. A nan Legas, tun bayan dokar wuta ta 2023 da ta ba jihohi dama, sa ido ya koma hannun hukumar jiha mai suna LASERC.

Shara da ruwa ba sai mun daɗe ba. Motocin PSP da ke aiki a ƙarƙashin LAWMA suna lissafi ne a kan gida, don haka su ma wasiƙa za a ba su. Wanda yake da famfon gwamnati ya rufe kan ruwa ya sanar, mai rijiyar burtsatse ya cire injin ya adana kafin ɓarayi su riga shi. Kuɗin masu gadi na unguwa kuwa, shawararmu a ci gaba da biya ko da gida kango ne. Wanda ba kowa a ciki ai shi ya fi buƙatar gadi.

Sai haraji, kuma a nan muke roƙon a saurara da kyau. Tsarin mulki na 1999 ya ba ƙananan hukumomi aikin ƙiyasta gidaje domin karɓar harajin gida. A 2001 Jihar Legas ta haɗe harajin gida da kuɗin ƙasa da kuɗin raya unguwa suka zama abu ɗaya, wanda ake rubutawa Land Use Charge a saman takardar. An sake dokar a 2018, mutane suka yi ca saboda ƙarin da aka yi, aka sake wata a 2020. Wannan haraji a kan gidan yake, ba a kan kuɗin haya ba. Ko ka karɓi haya ko ba ka karɓa ba, takardar shekara za ta zo, kuma jinkiri yana jawo tara, biya da wuri kuma yana da rangwame. Sai dai ba kowane gida ake yi wa lissafi iri ɗaya ba. Gidan da mai shi ke zaune a ciki kuɗinsa bai kai na wanda aka ba haya gaba ɗaya ba. Don haka idan gidanka ya daɗe babu kowa, ko ka koma ciki da iyalinka, je ka sanar, ka nemi a duba ajin da aka sa shi. Doka ta ba ka damar ɗaukaka ƙara a kan ƙiyasin, amma wa'adin gajere ne, ba a ajiye takarda a ƙarƙashin katifa sai an dawo daga tafiya.

A biya ta banki ko ta hanyar da aka rubuta a takardar, kada a miƙa kuɗi a hannun wani mai riga da kati a wuya. Kuma duk wanda ya zo neman harajin gida daban da sunan ƙaramar hukuma, a nuna masa rasiɗin, a kawo mana takardarsa mu bincika.

Wasunmu na cewa, me zai sa mu biya alhali kullum ana ce mana baƙi? Mu a ganinmu wannan shi ne babban dalilin biya. Sashe na 43 na tsarin mulki ya ba kowane ɗan Nijeriya 'yancin mallakar gida a ko'ina cikin ƙasar nan, sashe na 42 kuma ya hana a nuna masa bambanci saboda ƙabila ko asalinsa. Rasiɗin haraji ba takardar mallaka ba ce, kada wani ya ruɗe ku. Amma ranar da rigima ta taso, wani ya fito ya ce filin kakansa ne, ko mai gida ya rasu magada suna Arewa, tarin rasiɗai na shekaru da sunanka shaida ce cewa ba ka yi watsi da gidan ba. Mun ga inda aka bar wa ejan komai, yana biya da sunansa, marayu suka zo suka rasa takarda ɗaya mai sunan mahaifinsu.

Akwai kuma ɗan hayar da ke ɓacewa da makulli, kayansa na ciki, bil na taruwa. Kada zuciya ta sa a ɓalle ƙofa. Dokar haya ta Legas ta 2011 ta tanadi a ba da sanarwar kwana bakwai, sannan a nemi izinin kotu kafin a buɗe. Cibiyar sasanta jama'a ta gwamnatin jiha ma tana sauraron rigimar mai gida da ɗan haya kyauta.

Yawancinmu da girma muka koyi boko, mun san nauyin rubuta wasiƙa da Turanci. Saboda haka ofis ya shirya samfurin wasiƙu uku, ta wuta, ta shara da ta haraji, suna da lambar gida kawai za a cike. Mai niyyar tafiya gida bana ya zo ranar Asabar bayan La'asar da bil ɗinsa na ƙarshe, da lambar mita, da takardar harajin bara.

Allah Ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu.