Iskar da Duwatsu ke Haifarwa



A 1987 masu haƙar rijiyar burtsatse a ƙauyen Bourakébougou na ƙasar Mali suna neman ruwa, sai iska ta fito, ta kama wuta, aka toshe ramin. Da aka buɗe shi a 2011, sai ga iskar haidurojin kusan kashi 98 cikin ɗari, har ta ba ƙauyen lantarki.

Daga ina take? Ruwa ne ke sauka ƙarƙashin ƙasa, ya tarar da duwatsu masu ƙarfe. Ƙarfen ya yi tsatsa, ya ƙwace iskar oksijin da ke cikin ruwan, haidurojin ta kuɓuta. Dutse mai tauri a sama shi ke tsare ta.

Iskar hiliyam kuwa, wadda ke sanyaya wasu na'urorin hoton asibiti, daga yuraniyom take fitowa, irin wanda ake haƙowa a Arlit, yayin da yake lalacewa sannu a hankali tsawon miliyoyin shekaru.

Mu nan Dakoro rijiyoyinmu zurfi gare su. Ina roƙon hukuma, duk burtsatsen da za a haƙa, a auna iskar da ke fitowa tare da ruwan.