Sam Cooke: Muryar da Haƙƙin Mallakarta



Mawaƙin da zan yi magana a kansa yau, shekara 33 kacal ya yi a duniya. An haifi Sam Cooke a 1931 a Clarksdale ta jihar Mississippi a Amurka. Ɗan limamin coci ne, a Chicago ya tashi. Yana da shekara 19 ƙungiyar Soul Stirrers, masu waƙoƙin yabon Ubangiji, suka ɗauke shi ya gaji jagoransu R. H. Harris. Da ya fara waƙar soyayya, sai ya fake da sunan Dale Cook don gudun fushin mutanen coci. Ina! Muryar ta tona masa asiri. A 1957 "You Send Me" ta zo ta ɗaya a Amurka, farar fata da baƙar fata kowa na sayen faifan.

Ina roƙonku ku nemi faifai biyu ku saurara. Ɗaya an ɗauke shi a gidan rawa na Copacabana a New York a 1964, gaban masu hannu da shuni, yawancinsu farar fata. Murya a tausashe, komai tsaf-tsaf. Ɗayan kuwa a Harlem Square Club ne, a unguwar baƙar fata ta Miami, a Janairun 1963. Nan za ku ji wani mutum daban: murya ta dusashe, King Curtis na busa, Cooke yana jefa baiti, jama'a na cafewa kamar 'yan amshi. Kamfanin faifai na RCA ya fitar da na Copacabana nan da nan, na Miami kuwa ya kulle shi sai 1985. A ganina wannan zalunci ne, domin a faifan da aka ɓoye ne ainihin Sam Cooke yake.

Shi ma ya gane cewa wanda ke riƙe da takarda shi ke da iko. A zamanin da ake sallamar mawaƙa baƙar fata da 'yan canji a riƙe haƙƙin waƙoƙinsu, ya kafa Kags don rajistar waƙoƙinsa, da kamfanin faifai na SAR tare da J. W. Alexander. Ta nan mawaƙi Bobby Womack da 'yan'uwansa suka fito.

A Oktoban 1963 wani otal a Shreveport ya hana shi ɗaki saboda launin fatarsa. Ya ɗaga murya, 'yan sanda suka kama shi. Bayan 'yan watanni ya rera "A Change Is Gonna Come", waƙar da masu fafutikar 'yancin baƙar fata suka runguma.

Ranar 11 ga Disamba 1964 matar da ke kula da wani masauki a Los Angeles ta harbe shi. Masu bincike suka ce kare kanta ta yi, danginsa ba su taɓa yarda ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yarjejeniyar da manajansa Allen Klein ya ƙulla a 1963, wadda aka ce za ta ba Cooke iko da faya-fayansa. Bayan rasuwarsa, haƙƙin waɗannan waƙoƙi a hannun Klein ya ƙare, kuma har yau kamfaninsa na ABKCO ke riƙe da su.