Citta Ta Ruɓe, Bashi Bai Ruɓe Ba

  An ce mu yi magana a kan tawakkali. Da aka kawo mana takarda mun so mu noƙe, don ga malamai zaune, mu kuwa karatunmu iyakarsa Islamiyya, daga nan sai kasuwa. Shugaba ya ce ai ba tafsiri ake so ba, ana son wanda ya ɗanɗani asara ya faɗi yadda take. To, in dai wannan ne, muna da abin faɗa.

Kowa a nan ya san abin da ya sami citta a daminar 2023. An yi shuka wajen Afrilu da Mayu kamar kullum, an lulluɓe da ganye, ta tsiro gwanin sha'awa. Damina na yin tsakiya sai ganyen ya fara ɗorawa yana bushewa, kamar an watsa masa tafasasshen ruwa. In ka tona sai ka tarar ta ruɓe a ƙasa, ka matsa ta fashe da ɗoyi. Malaman gona suka ce cuta ce dangin funfuna, mai son laima. Ba ta ƙyale Kachia ba, ba ta ƙyale Kagarko da Jaba da Jema'a ba, balle mu nan ƙasar Zangon Kataf. Kuma ku tuna a shekarar ce aka sha wahalar canjin kuɗi tun farkonta, sannan ranar 29 ga Mayu aka cire tallafin mai, kuɗin mota ya ninka. Duka kan duka ke nan.

Mu ba manoman citta ba ne, galibinmu. Maƙwabtanmu Bajju su ke noma, mu mu saya, a tsaga, a shanya, a zuba a buhu, a loda zuwa Kano ko Legas. Amma kuɗinmu ya riga cittar shiga ƙasa. Mukan ba manomi kuɗin iri da taki da ƙwadago tun kafin ruwa ya sauka, a kan in ya tona zai kawo buhu kaza. Mu ma ɗin ba namu ba ne duka, rabi na wani uban gida ne a Dawanau. Saboda haka da gona ta ruɓe, igiyar bashin nan ta shaƙe mutum uku a lokaci ɗaya.

Bari mu ba ku labarin abin da ya faru a rumfarmu, don shi ya sa muka yarda muka tsaya nan. Akwai wata tsohuwa, mijinta ya daɗe da rasuwa, fiye da shekara goma muna ciniki da ita. Kirista ce, 'yar zumuntar mata a cocinsu. Kwana uku muka yi barci ya ƙaurace mana, muna ta juya littafin bashi, muna tunanin da wane ido za mu dubi mutumin Dawanau. Muna cikin shirin aika yaro gidanta, sai ga ta da kanta da sanyin safiya. Ta durƙusa ta gaishe mu, ta ce, "Alhaji, ban zo da ko kwabo ba. Na zo ne ka ga fuskata, kada ka ce na ɓuya." Muka ce, "Mama, to yanzu yaya za a yi?" Sai hawaye. Ta yi kukanta ta share da bakin zane, sannan ta ce ranar Lahadi fastonsu ya yi musu wa'azi a kan tsuntsaye, cewa ba su da gona ba su da rumbu amma Allah bai bar su da yunwa ba, kuma mutum ya fi tsuntsu daraja a wurinSa. Ta ce tun da ta ji haka ta miƙa wa Allah, tana barcinta.

Jama'a, kunya ta kama mu. Don mu ma an karantar da mu hadisin tsuntsaye tun muna yara, masu fita da safe ciki wayam su dawo da yamma a ƙoshe. Mun haddace shi, mun ci jarrabawa da shi. Ga wadda gonarta ce ta ruɓe ɗungum tana barci, mu da muke da sauran kaya a rumfa, muna sahun gaba a masallaci, mun kasa runtsawa. Ba muna cewa addininmu da nasu ɗaya ba ne, kowa ya san inda muka rabu, ita ma ta sani. Amma tun 1932 aka fassara Littafinsu gaba ɗaya da Hausa, da Hausa suke addu'a a yawancin coci-cocin ƙasar nan, kuma ranar da masifa ta sauka, sunan da ke fita bakinta shi ne ke fita bakinmu. Annabi Ayuba da muke ba 'ya'yanmu labarin haƙurinsa, su ma suna ba nasu.

Abu biyu muka lura da su a wurin tsohuwar nan. Ta yi kuka, kuma kukan bai rage mata komai ba. Akwai masu ganin in mutum ya zubar da hawaye kan asara wai imaninsa ya yi rauni. Ina! Annabi Yakubu ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusufu har ganinsa ya tafi. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahimu ya rasu. Abin da aka hana shi ne baki ya faɗi abin da zai saɓa wa Ubangiji. Na biyun kuwa, ba ta zauna ta naɗe hannu ba. Da damina ta zagayo, irin citta ya yi tsadar da ba ta iya saye, sai ta sa gangamau da masara a gonar. Kaɗan-kaɗan take kawo abin da ya sawwaƙa, muna rubutawa. Har yau da saura, amma ba mu taɓa aika mata yaro ba. Tsuntsun nan dai fita yake yi, ba a sheƙa abincin ke iske shi ba.

Yanzu sai mu juyo kanmu, kuma a gafarce mu in maganar ta yi ɗaci. Da yawanmu mun iya cewa "Allah ya mayar da alheri" da baki, gari na wayewa sai a tafi a ɗauke wa manomi babur, ko a kora masa awaki, ko a kai shi wurin 'yan sanda. Wasu kuma suka ce to, buhu ɗayan bana ya zama biyu baɗi. Malamai suna nan, in mun yi kuskure su gyara mana, amma abin da aka koya mana shi ne irin wannan ciniki na biyan kuɗi kafin kaya, in kayan suka gagara, ko dai ka jira, ko ka karɓi uwar kuɗinka ba tare da ƙarin ko sisi ba. Ƙari don an jinkirta, sunansa riba. A ƙarshen Suratul Baƙara, bayan ayoyin riba kuma daf da doguwar ayar rubuta bashi, Allah ya yi umarni a saurara wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu, ya kuma nuna yafewa ta fi alheri. Ba mu ji inda aka ce sai in Musulmi ne ba. To wanda ya ce ya dogara ga Allah, amma ya kasa jiran shekara ɗaya, har sai ya raba marayu da akuyarsu, ga wa ya dogara? Ga akuyar ya dogara.

Akwai kuma abin da ya fi kuɗin. Mu mutanen ƙasar nan mun san inda ƙaramar magana ke kai mutane. A watan Maris na 1987 daga harabar Kwalejin Ilimi ta Kafanchan wuta ta tashi, ta kai har Kaduna da Zariya da Funtuwa. A 1992, Fabrairu da Mayu, abin da ya faru a Zangon Kataf a kan maganar sauya wa kasuwa wuri ya faro. Kasuwa fa, jama'a, wurin cin abincinmu. Na Afrilun 2011 kuwa ba sai mun faɗa ba. Akwai waɗanda ke zaune a nan da suka rasa iyaye da 'ya'ya a Zonkwa da Matsirga, akwai waɗanda shagunansu suka ƙone a kasuwar Kafanchan, akwai danginmu da suka daɗe a sansanin alhazai na Mando ba su sake dawowa ba. Su ma maƙwabtanmu sun binne nasu, an ƙona musu coci-coci a wasu garuruwa, 'yan bindiga sun sha afka wa ƙauyukansu cikin dare. Kowane gida da tabonsa. A irin wannan wuri, in ka ɗauke babur ɗin manomi, ba za a ce ɗan kasuwa ya bi bashinsa ba. Cewa za a yi Bahaushe ya ƙwace wa Bajju babur. Kafin magariba labarin ya kai ƙauye biyar, kuma ya ƙara kitse a hanya. Kai da ka ɗauko babur ɗin wataƙila kana da inda za ka gudu. Mai shayi da mai gyaran takalmi da tsohuwa mai ƙosai fa?

Ba mu manta da cewa mu ma ana bin mu ba. Mun je Kano da kanmu, muka zauna gaban mutumin nan muka faɗa masa gaskiya, kamar yadda Mama ta yi mana. Ya yi faɗa, ya yi faɗa, daga baya ya raba mana biyan kashi-kashi. Da mun kashe waya mun ɓuya, da yanzu wani zancen ake yi. Wasu 'yan'uwanmu har yau ba sa ɗaga waya in sun ga lambar Kano, suna ta rama a tsaye, iyali ba su san abin da ke cin su ba.

Saboda haka muna roƙon ƙungiya abu kaɗan. A zaɓi dattawa uku da malami ɗaya, duk wanda ke bin wani bashin citta, ko ake bin sa, ya kawo a rubuta. Kada ɗan ƙungiyar nan ya sake kai manomi ofishin 'yan sanda ko ya taɓa kayansa sai ya fara zuwa gaban waɗannan dattawa. Su kuma su nemi masu unguwanni da dattawan coci a zauna, a yanka wa kowa abin da zai iya biya a kowace kaka. Waɗanda ake bi daga Kano, ƙungiya ta rubuta musu takarda da hatiminta, a haɗa su da wanda zai raka su. Mu dai ga littafinmu mun zo da shi, in an kafa kwamitin yau, da namu za a fara.

Shugaba, mun ci lokaci, a yi mana afuwa.