Bututun Jefferies: Kayan da Ke Riƙe da Kumbon Taurari



A gidan adana kayan tarihin jiragen sama da kumbuna da ke birnin Washinton akwai wani kumbo da bai taɓa tashi ba. Tsawonsa ƙafa 11, akasarinsa katako ne da roba, kuma gefensa na hagu ba a gama ƙawata shi ba, domin ba ta nan kyamara ke ɗaukarsa ba. Sunansa Enterprise. Shi ne kumbon shirin talabijin na Star Trek, wanda tashar NBC ta fara nunawa a Amurka ranar 8 ga Satumba, 1966. A cikin labarin, mutum 430 ne ke zaune a cikinsa, suna ratsa taurari shekara da shekaru. A kan kayan cikin irin wannan kumbo laccar yau za ta tsaya: wanne ne aka ƙirƙiro don sauƙaƙa wa marubuci, wanne ne kuma ba makawa sai da shi idan har ɗan Adam zai yi wannan tafiya.

Na'urar da ta fi kowacce suna a Enterprise ita ce wadda ke ɗauke mutum. Ya tsaya a kan faifai, ya narke ya zama ƙyalƙyali, sai ga shi a doron wata duniya. Rashin kuɗi ne ya haife ta. Gene Roddenberry, mai shirin, ya ga cewa nuna saukar ƙaton kumbo a kowane mako zai cinye kasafin da aka ba shi, sai ya nemo hanyar da za a kai 'yan wasa ƙasa cikin 'yan daƙiƙoƙi. Ƙyalƙyalin kuwa garin alminiyam ne aka riƙa zubawa a gaban kyamarar da aka kifa. Daga baya masana suka tuna wa masu shirin ƙa'idar Heisenberg, wadda ta ce ba zai yiwu a san ainihin inda ƙwayar zarra take da yadda take gudu a lokaci guda ba. Sai marubutan suka ƙara wa na'urar wani ɓangare da suka laƙaba wa sunan Heisenberg ɗin, suka ce shi ke warware matsalar, ba tare da sun faɗi ta yaya ba.

Injin tafiya ya fi wannan tushe. Tauraro mafi kusa da rana, Proxima Centauri, haske kansa sai ya yi shekara huɗu da 'yan watanni kafin ya kai gare shi. Kumbon Voyager 1, da aka harba a 1977, yana gudun kilomita 17 a daƙiƙa, kuma da can ya nufa da sai ya haura shekara 70,000 a hanya. Babu labarin da zai jira haka. Don haka aka ba Enterprise injin da ke naɗe sarari, kamar yadda Bahaushe ke ba da labarin waliyyan da ake naɗe wa ƙasa. A 1994 wani masanin kimiyyar lissafi ɗan Meziko, Miguel Alcubierre, ya ɗauki batun da gaske. Ya nuna cewa lissafin Einstein bai hana a matse sararin da ke gaban kumbo a buɗa na bayansa ba. Sai dai hakan na buƙatar wani nau'in makamashi da ke ƙasa da sifili, kuma babu wanda ya taɓa tara ko kwatankwacin abin da ake bukata.

Man da injin ke sha a labarin, wato antimata, kishiyar abin da aka gina jikinmu da duniyarmu da shi, akwai shi da gaske. Giram ɗaya idan ya haɗu da giram ɗaya na abu na yau da kullum, ƙarfin da zai fito ya kusa ninka bom ɗin Hiroshima sau uku. Amma a 1995, lokacin da cibiyar CERN da ke kusa da Janiba ta fara ƙera ƙwayoyin kishiyar haidirojin, guda tara ta samu. A 2011 aka iya tsare wasu na tsawon daƙiƙa 1,000, kuma duniyar kimiyya ta yi murna da hakan, don ba ƙaramin aiki ba ne.

To, waɗannan su ne kayan da ake yi wa kirari. Wahalar gaske tana wani wajen, kuma ta farko ita ce zafi.

Mutane da yawa na ɗauka cewa tun da sararin samaniya akwai sanyi, kumbo ba zai damu da zafi ba. Duk wanda ya taɓa zuba shayi a filas da asuba ya tarar da shi da zafinsa da la'asar ya riga ya ga amsar. Tsakanin bangon filas biyu babu iska, shi ya sa zafin ba ya samun hanyar fita. Kumbo filas ne babba. Lagireton mota yana aiki ne domin iska na busawa ta cikinsa, randa kuma tana sanyaya ruwa domin gumin jikinta na bin iska. A can babu iskar. Jikin mutum guda na fitar da zafin wat 100, ke nan mutanen Enterprise kaɗai na fitar da wat 43,000 kafin a kunna ko kwamfuta ɗaya, balle injin antimata. Hanya ɗaya ce ta rage: a shimfiɗa manyan faranti a waje, zafin ya fita ta cikinsu a matsayin haske. Fararen fukafukan da ake gani a jikin Tashar Sararin Samaniya ta Ƙasa da Ƙasa aikinsu ke nan, kuma sinadarin amoniya ne ke zagayawa a cikinsu. A ƙarshen Yulin 2010 famfon amoniya guda ya mutu. Nan take aka kashe na'urori da dama a tashar, kuma sai da Doug Wheelock da Tracy Caldwell Dyson suka fita waje sau uku kafin suka canja shi.

Fina-finai ba sa son waɗannan faranti. Sa'ad da Stanley Kubrick ke shirya fim ɗin 2001: A Space Odyssey, wanda ya fito a 1968, zanen farko na kumbon Discovery yana da su, amma aka cire don kada 'yan kallo su ɗauka fukafukan tashi ne. Wannan Kubrick ɗin ne fa ya sa aka gina masa wani ƙaton gammo mai faɗin ƙafa 38 da ke juyawa, don ya nuna yadda juyi ke iya maye gurbin jan ƙasa. Mutumin da ya kashe wannan kuɗi don gaskiyar nauyi ya sadaukar da gaskiyar zafi, kuma wannan rashi ne ga fim ɗin. James Cameron ya gyara a Avatar na 2009: kumbon da ke buɗe fim ɗin farantansa na ci ja-wur saboda zafin da suke zubarwa.

A nan ne ya kamata a jinjina wa Matt Jefferies, wanda ya zana Enterprise. Ya yi aiki a jiragen jefa bom a Yaƙin Duniya na Biyu, ya san maiƙo, ya san abin da ke lalacewa. Ya nesanta injunan daga inda mutane ke kwana, ya ɗora su a kan dogayen sanduna, domin abu mai irin wannan ƙarfi ba a maƙwabtaka da shi. Ya bar bayan kumbon sumul, bisa hujjar cewa duk abin da zai buƙaci gyara a sa shi inda za a kai gare shi daga ciki, kada a fitar da mutum waje ba dole. Daga wannan tunani aka samu wani ƙuntataccen rami da injiniya Scotty ke shiga da rarrafe, kansa a sama, wayoyi a gabansa, gumi na zuba. Ana kiransa bututun Jefferies. A ganin mai wannan lacca, babu wani abu a cikin Enterprise da ya kai wannan bututu gaskiya.

Abin da ya faru da Apollo 13 ya isa shaida. Ranar 13 ga Afrilu, 1970, tankin oksijin ya fashe, kumbon na nesa da duniya da kusan kilomita 320,000. Jim Lovell da Jack Swigert da Fred Haise suka koma cikin ƙaramin kumbon sauka a wata, wanda aka gina don mutum biyu na kwana biyu. Numfashin mutum uku ya fara cika ɗakin da gurɓatacciyar iska. Akwai matatun iska a babban kumbon, amma masu kusurwa huɗu ne, ramin ƙaramin kuwa zagayayye. Injiniyoyi a Hustan, ƙarƙashin Ed Smylie, suka tattaro irin kayan da suka san akwai a kumbon: leda, kwali, tiyon rigar sama jannati, da salatif. Suka haɗa, suka gwada, sannan aka karanta wa matafiyan matakan ta rediyo ɗaya bayan ɗaya. Ranar 17 ga watan, su ukun suka sauka a tekun Fasifik da ransu.

Ruwa ma haka. A 2008 aka kai tashar sararin samaniya na'urar da ke tace fitsari ya koma ruwan sha. A ƙasa ta ci duk gwajin da aka yi mata, amma ba a daɗe ba ta toshe a sama. Da aka bincika, sai aka gano cewa ƙasusuwan 'yan sama jannati na zubar da sinadarin kalsiyam idan babu nauyi, shi ne ke fita ta fitsari ya daskare a cikin injin. Wane marubuci ne zai iya hango wannan daga kan teburinsa? Sai a 2023 hukumar NASA ta sanar da cewa ana dawo da kashi 98 cikin 100 na ruwan da ake amfani da shi a ɓangarenta na tashar. Na'urar Star Trek da ke ƙera duk abin da aka tambaye ta kuwa, ƙanwarta ta nuna gwanintarta a Disamban 2014, lokacin da aka aika zanen sifana daga ƙasa, injin ɗab'i ya fitar da ita da roba a cikin tashar.

Voyager 1 ɗin da aka ambata ɗazu, a Nuwamban 2023 ya fara aiko da saƙon da ba shi da ma'ana. Ƙwayar ajiyar bayanai guda ce ta lalace a kwamfutarsa, a nisan kilomita biliyan 24. A lokacin, umarni na ɗaukar awa 22 da rabi kafin ya isa, amsa ma haka. Injiniyoyi suka rarraba umarnin da ke cikin ƙwayar zuwa wasu gurabe, a Afrilun 2024 kumbon ya dawo hayyacinsa.

Adabin Hausa ba baƙo ba ne a wannan fage. Tun 1969 Umaru Dembo ya wallafa Tauraruwa Mai Wutsiya, inda aka ɗauki yaro aka zaga da shi sararin samaniya, a shekarar da mutum ya fara taka wata. Roƙon mai lacca ga matasan marubutan da ke wannan zaure shi ne su koma wannan fage, kuma idan sun zo gina nasu kumbon a takarda, su zauna da ɗaliban injiniya da ke kusa da su yanzu haka, su tambaye su ta ina zafi zai fita, wa zai wanke matatar iska, kuma ina za a ajiye kayan gyara na shekara ashirin. Ku kuma ɗaliban injiniya, idan sun zo, ku ba su lokaci, ku zana musu a allo.