Dabbobi da Zafin Bazara a Ƙasar Wamakko

Za mu duba yadda dabbobin ƙasar Wamakko ke jure bazara, wadda zafinta kan haura digiri 40 a watan Afrilu, da kuma inda juriyar tasu ke ƙarewa.

Raƙumin da ke ɗauko kaya ta hanyar Kwalkwalawa ba ya saurin yin gumi, domin yakan bar zafin jikinsa ya hau daga wajen digiri 34 da asuba har ya kai 40 da la'asar, sannan ya sauke shi cikin sanyin dare, ta haka yake tattalin ruwan jikinsa, kamar yadda binciken Knut Schmidt-Nielsen ya nuna a Sahara a shekarun 1950. Bokoloji, wato shanun Gudali na Sakkwato, suna da gajeren gashi mai haske da fatar da ke reto a ƙarƙashin wuya, waɗanda ke taimaka musu wajen fitar da zafi. Gaiwa kuwa, idan fadamar Gulbin Rima ta ƙafe, sai ta nutse cikin taɓo ta lulluɓe kanta da yauƙi, ta yi likimo watanni har ruwa ya dawo, ko da yake dawowar tasa ba ta da tabbas, wata shekara ya makara, wata kuma ya zo da ɓarna irin ta 2010 da ta karya gadar hanyar Jami'ar Usmanu Danfodiyo.

Abin damuwa shi ne dabarar raƙumi da saniya ta dogara ne ga sanyin dare, alhali ɗumamar yanayi na ƙara wa darare zafi, don haka dabba kan wayi gari da sauran zafin jiya a jikinta, cin abincinta ya ragu, nono ya ja baya. Kajin gidan gona sun fi kowa shan wuya, tunda kaza ba ta gumi, sai dai ta buɗe baki tana haki, ta saki fukafukai.

Duk da haka ana samun magidancin da zai ɗaure rago ƙarƙashin rufin kwano, ya aje masa ruwa a daro cikin rana, ya tafi kasuwa sai magariba, kuma wannan sakaci ne da ba shi da uzuri. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Wajibi ne a sauya ruwan da azahar, a shimfiɗa kara ko zana a kan kwanon, a kuma bar iska ta ratsa garke da akurki cikin dare.