Jawabin Walimar Saukar Alƙur'ani a Kibiya: Hali, Imani da Wadatar Zuci

Ɗan Adam yana zuwa duniya da gaggawa, da kwaɗayi, da son a yaba masa. Malaman tarbiyya sun kasa ransa mataki uku bisa abin da Alƙur'ani ya ambata: rai mai umarni da mummuna, rai mai zargin kansa idan ya kauce, da rai natsattse. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ware rubu'i guda na littafinsa Ihya'u ga halaye masu halakarwa, irin su hassada da riya da girman kai, wani rubu'in kuma ga masu tsirarwa, irin su haƙuri da godiya da tawakkali.

Ɗaliban da suka sauke yau a gaban iyaye da malamai, zauren karatun littattafai ne ke jiran su, kuma littafin Ahalari na cikin na farko da za su buɗe. Kafin ya kai ga alwala da salla, da gyaran imani ya fara, sai tuba, sai kame harshe. Wannan jeri daidai yake, domin ibadar da ba ta hana mai ita ƙarya da giba ba, da sauran aiki a kanta.

Hali nagari ba ya kama mutum rana ɗaya. A tarihin Hausa Bakwai, Rano da Kano ne sarakunan baba, wato shukar rini, kuma duk marini ya san zane ba ya rinuwa da tsomi guda: a tsoma, a fitar ya sha iska, a mayar, har launi ya zauna. Haka gaskiya da riƙon amana suke zama a jikin mutum.

A gona da kasuwa ake gwada su. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, noman rani ya yalwata a kudancin Kano, shinkafa da alkama da tumatur suka kawo kuɗi, tare da su kuma rabon ruwa, da bashi, da awo. Surar da ta gargaɗi masu tauye mudu tana cikin waɗanda yaran nan suka wanke a allo tun suna ƙanana.

Farin ciki mai ɗorewa kuwa, magabata sun ɗora shi a kan wadatar zuci, wadda wasu ke ɗauka lalaci ce, alhali ba haka ba ne. Mai wadatar zuci yana sammakon gona, yana neman riba, yana biyan bashi a kan lokaci. Amfanin gonar maƙwabci ba ya hana shi barci, kuma ranar da farashin tumatur ya faɗi ba ya cika ƙasan kwando da ruɓaɓɓe don ya mayar da asara.